Komawa ɗakin awo bayan shekarun goyo

Asabar, 14 ga Janairu, 2023

Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta yadda maganar komawata aiki take tafiya, tun da na ga alamar ba abu ne na kwana ɗaya ba. Na yi karatun ma'aikaciyar lafiyar al'umma a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun, na yi aiki a wani ƙaramin asibiti har ƙarshen 2013, sannan na ajiye. Ba korata aka yi ba, ba kuma Maigida ne ya hana ba. Haihuwa ta biyu ce ta zo da gardama, ga ta farin ba ta yi ƙwari ba, ga wurin aikin da nisa. Kafin in ce zan koma sai tagwaye suka zo, bayansu kuma auta.

Makon jiya aka kai auta ɗakin Inna yaye. Shi ya ba ni ƙarfin tayar da maganar. Maigida ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Uwar biyu, ni ba ni da ja. Amma ba ni zan riƙe yaran ba. Ki je ki shawo kan Inna da Yayarki, in sun yarda na yarda." Gaskiya ya faɗa. Yaya ce uwargida, ita ce za ta wayi gari da yara cike da tsakar gida in na fita.

Abin da ke gabana: in gyara takarduna, in sabunta karatuna, in daidaita gida. Asibitin mazaɓarmu, nan ƙasar Taura, yana da ƙarancin mata ma'aikata, kuma mata da yawa ba sa yarda namiji ya yi musu awo. Incaj ɗin ya aiko mini ta bakin matarsa cewa in na shirya ƙofa a buɗe take, sai dai da aikin sa-kai zan fara.

Litinin, 20 ga Fabrairu, 2023

Lasisina ya daɗe da ƙarewa. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, wadda aka kafa da dokar 1992, ba ta sabunta shi sai mutum ya biya abin da ya taru a kansa, ya kuma halarci kwas ɗin ƙarin ilimi. Kuɗi ake nema, kuɗi kuwa sun ɓace daga hannun mutane saboda canjin takardun naira. Jiya ƙanin Maigida ya kai mini akuyata kasuwar Gujungu. Masu saye da tsofaffin 500 da 1,000 suka zo, waɗanda ba mai karɓa yanzu, wanda ya taya da daraja kuma ya ce sai dai ya tura ta waya. Asusun da nake karɓar albashi da shi ya mutu tun tuni, domin lambar BVN a 2014 aka fito da ita, bayan na bar aiki. Sai ta asusun Maigida aka karɓa.

Na gane dole in je Ringim in farfaɗo da asusuna, da sunana. Ba rashin yarda ba ne. Mace mai aiki ya kamata ta san abin da ya shigo da abin da ya fita.

Juma'a, 31 ga Maris, 2023

Azumi ya zo mini daidai. Bayan sahur ba na komawa barci, sai in kunna fitilar waya in yi karatu kafin yara su tashi. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda ba ta taɓa barin aiki ba, ta aro mini sabon littafin ƙa'idar aiki da takardun bitocin da ta halarta.

Katin rigakafi ya fi komai ba ni mamaki, ko da yake ni ma na riƙe shi a matsayin uwa. Uwa tana miƙa cinyar yaro ne kawai, ba ta tambayar sunan abin da ke cikin kwalba. Lokacin da na bari, Penta ce sabuwa, wadda ta haɗa rigakafin cuta biyar a allura ɗaya. Bayan tafiyata an ƙara ta sanyin haƙarƙari, an ƙara allurar shan inna a kan ɗigon baki a 2015, an ƙara ta sanƙarau a wata tara, an ƙara ƙyanda ta biyu a wata 15, sannan bara, 2022, aka shigo da ɗigon rota na gudawa. Ko ɗigon shan innan ma ba wanda na sani ba ne: a Afrilun 2016 aka janye mai nau'i uku aka koma mai nau'i biyu. Jaririn da ya zo a mako shida yanzu allura uku yake sha da ɗigo biyu a zama ɗaya. Na zauna ina haddace jadawalin: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, wata 15.

Awon ciki ma ya canza. Mu zuwa huɗu aka koya mana. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas. Sannan akwai tsarin raba aiki na 2014, wanda ya ba irinmu izinin karɓar haihuwa da sa ashanar tazarar haihuwa a dantse, in an horar da mutum. A zamanina wannan aikin ungozomar asibiti ne kaɗai. Har hukumar da ke kanmu ta canza suna: na bar tsarin Gunduma mai kula da asibitocin Jigawa, na dawo na tarar da hukumar lafiya matakin farko.

Abin da ban manta ba ya fi yawa. Sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar BCG, wato rigakafin tarin fuka, ko ta ƙyanda in an haɗa ta da ruwanta, bayan awa shida zubarwa ake yi. Tabon da ke jikin kwalba in ya yi duhu kamar zoben da ke kewaye da shi, maganin ya lalace. Waɗannan suna nan daram.

Talata, 9 ga Mayu, 2023

Na yi kwas ɗin bayan Ƙaramar Sallah, na biya, rasit yana hannuna. Yau na fara fita.

Yadda muka shirya a gida: Yaya ta karɓi abincin rana duk ranar aiki, ko girkina ne ko nata. Ni na karɓi tuwon dare na ranakun girkina da wankin yaran gidan duka ranar Asabar, nata da nawa. Auta tana wurin Inna daga safe zuwa azahar. Da na je godiya Yaya ta ce: "Ke dai je ki. Ranar da ciwo ya kama wani a gidan nan da tsakar dare, ai mun san ɗakin da za mu buga." Ban taɓa jin ta kusa da raina kamar yau ba.

A asibiti incaj ya ce in fara da sikeli da kati, allura sai ya ga hannuna. Yarinyar da ke kula da rigakafi, da ƙyar ta kai shekarun da nake da su lokacin da na fara aiki, ita ce ta nuna mini firji mai aiki da hasken rana da yadda ake tura rahoto ta waya. Mu a da sai an tafi sakatariya da akwatin sanyi an ɗauko magani da ƙanƙara ranar da za a yi. Tana ce mini Anti, tana jin nauyin gyara mini. Na ce mata: "Ƙanwata, a nan ke ce gaba. Duk abin da kika ga na yi irin na da, ki faɗa mini a take." Daga nan ta saki jiki.

Matan da ke kan benci kuwa duk na san su. Da yawansu mun zauna a bencin nan tare, kowa da goyonta.

Alhamis, 15 ga Yuni, 2023

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ɗan acaɓa ya ninka kuɗinsa. Ni da ba a biyana, abin ya fi ƙarfina. Yanzu da ƙafa nake zuwa da sanyin safiya, dawowa in hau in rana ta yi yawa. Masu zuwa awo daga rugage da ƙauyukan nesa sun ragu ƙwarai.

Incaj ya sake mini allura. Hannun bai manta ba.

Lahadi, 30 ga Yuli, 2023

An sa ni cikin masu duba rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Wannan ma ban taɓa yin sa ba. Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya a wata, wata huɗu a jere. Kowane zagaye kwana uku ne: na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. In yaro ya yi amai kafin rabin awa a sake ba shi.

A takarda aikin yana ƙarewa ne da an cika kati an yi alama a ƙofar gida. Ni kuwa na san inda ƙwayoyin nan biyu suke zuwa, domin na ga irinsu a gidajen maƙwabta shekara da shekaru. Wata tana ajiyewa sai ranar da yaro ya yi zazzaɓi, a ganinta ba a ba mai lafiya magani. Wata tana raba wa babban wan da ya wuce shekara biyar, don ba za ta iya ba ɗaya ta hana ɗaya ba. Wata kuma tun asuba tana gona wurin noma na biyu, ta bar yaran da 'yar shekara takwas. Saboda haka na ce wa 'yan rabon da ke ƙarƙashina kada su tambayi uwa "kin gane?", kowa "e" za ta ce. Su tambaye ta: gobe da wane lokaci za ki ba shi, kuma wa zai ba shi in kina gona? In ta ce bayan kunun safe, to an ɗaure maganin da abin da ba ta mantawa. In ta ce kaka ce ke gida, a kira kakar a yi bayanin a gabanta.

Ranar Laraba ina tsakiyar zagaye aka aiko cewa ɗaya daga cikin tagwaye jikinsa ya yi zafi. Sun wuce shekarun wannan magani. Na tsaya a bakin hanya zuciyata ta rabu biyu. Na kira Yaya na ce ta kawo shi asibiti, na ƙarasa gidajen da suka rage, na same su can. Gwajin yatsa ya nuna maleriya, aka ba shi magani, ya warware. Da dare Inna ta ce, ba da faɗa ba: "'Yar nan, kina can kina ba 'ya'yan wasu magani naki yana kwance." Ban ba ta amsa ba, domin abin da ta faɗa haka yake. Washegari na fita.

Laraba, 23 ga Agusta, 2023

Rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga waɗanda ambaliyar bara ta cinye wa gonaki ba su farfaɗo ba. Tamowa ta fara bayyana. Muna auna dantsen yara da tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, sai a tura inda ake ba da abincin tamowa na leda. Daga nan zuwa 12.5 rawaya. Masu rawayan su ne ke hana ni barci, don ba su kai a karɓe su ba, kuma in aka bar su za su kai.

Na fara koya wa iyayensu haɗin garin kunu: gwangwani shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. A bita ana cewa a ba yaro ƙwai da nama da kifi. Ban musa amfaninsu ba, amma macen da kazarta ta yi ƙwai sayarwa za ta yi ta sayi magi da gishirin gidan duka. Ni abin da ke cikin gidanta nake tambaya: akwai zogale a bayan ɗaki? Ana tatsar akuya? Ƙuli-ƙuli fa, za a iya daka shi a zuba a kunu? Da wannan na yi renon tagwaye a shekarar da hatsi ya yi tsada, na san yana tayar da yaro.

Asabar, 16 ga Satumba, 2023

Mashaƙo ya yi ɓarna a Kano bana, kuma tsakaninmu da Kano ba shamaki, kullum motoci na kai da kawowa. Rigakafinsa yana cikin Penta, wadda sai an yi ta sau uku take kare yaro yadda ya kamata. Incaj ya ba ni rajista ya ce in fitar da sunayen yaran da suka yi ta farko ba su dawo ba. Sun fi yadda na zata.

Na bi su gida gida, kuma wannan makon ne na tabbatar da abin da nake ji a raina tun ranar da na dawo. Lokacin da nake budurwar ma'aikaciya, mu a wurinmu uwar da ba ta dawo ba jahilci ne ya hana ta, maganinta kuma a ƙara mata wa'azi. Yanzu na shiga ɗakunan na zauna a bakin gado, kusan duk labari ɗaya na ji. An yi wa jariri allura, da dare jikinsa ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya kwana yana tsala kuka. Maigidan ya ce: na ba ki yaro lafiyayye kin kai an sa masa ciwo, kada ki sake. Ita kuma ba wanda ya gaya mata haka za ta faru, balle ta sami abin kare kanta. Na san daren nan. Na yi shi da jarirai biyu a lokaci guda, ɗaya a kafaɗa ɗaya a cinya, ni da na san dalilin zazzaɓin ma sai da hankalina ya tashi.

Sauran dalilan ma ba na jahilci ba ne. Wata ranar rigakafin ta faɗo a ranar girkinta, a gidan da ake ɗora tukunyar mutum ashirin. Wata ta zo goyon ciki ne gidan iyayenta, ta yi ta farko a nan, bayan arba'in ta koma garin mijinta da katin a ƙasan akwati. Wata ta zo a makare aka daka mata tsawa a gaban mutane, ta rantse ba ta ƙara takowa. Wata ba ta da zanin fita da za ta shiga cikin mata da shi, wannan kuwa ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ni ma sai da muka daɗe muna hira.

Ga abin da muka canza, da yardar incaj. Kafin a huda yaro, ba bayan an huda ba, ana gaya wa uwa cewa zai iya yin zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, a nuna mata adadin farasitamol na yara, a ce ta ci gaba da ba shi nono, in ya wuce haka ta dawo da shi. Sannan in ce mata: "Ki faɗa wa babansa tun da rana, kafin jikin ya yi zafi." Zazzaɓin da aka yi wa mutum albishir da shi daban yake da wanda ya faɗo masa da tsakar dare. Wadda ta makara ba mai yi mata faɗa, kuma ba a sake farawa daga farko, daga inda ta tsaya ake ɗorawa. Wadda za ta koma garin miji muna rubuta mata ranar a bayan kati da Hausa, mu gaya mata kowane asibiti zai karɓa.

Maza kuma ba hurumina ba ne. Maigida ya yi wa mai unguwa magana, mai unguwa ya yi wa liman, jiya bayan sallar Juma'a incaj ya tashi ya yi bayanin zazzaɓin allura da na mashaƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lahadi, 29 ga Oktoba, 2023

Ranar Talata, 24 ga wata, aka fara allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jigawa tana cikin jihohin zagayen farko. Allura ɗaya ce a dantse. Tun kafin maganin ya iso saƙonnin murya suka riga shi a WhatsApp: wai don a hana 'ya'yanmu haihuwa ne.

Ba na raina masu wannan tsoro. Manyanmu suna tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, suna tuna yadda aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma na kuma san cewa ɗigon da aka ƙi a wancan lokaci shi ne ya kai mu ga Agustan 2020, lokacin da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma 'yan matan da suka sha shi suna jarirai su ne yau suke cika mana benci da ciki. Na kuma taɓa jinyar mace mai wannan sankara, na ga zubar jinin da warin da ke sa a ware mata kwano.

Ta farina tana cikin shekarun. Na yi wa babanta bayani, ya ce in na yarda da abin a yi mata. Ita ce ta fara miƙa hannu a makarantarsu, ni na yi mata, a gaban malamai da iyayen da suka zo kallo. Bayanta 'yar Yaya. Ban yi wani dogon jawabi ba. Wata tsohuwa ta ce wa jikarta: "Tun da Uwar biyu ta yi wa tata, je ki." Wasu gidajen sun ƙi har aka gama, ban kuma yi fushi da su ba. Za mu koma.

Talata, 12 ga Disamba, 2023

Lasisi ya fito. An kuma sa sunana cikin ma'aikatan wucin gadi, alawus na farko ya shiga asusuna. Ba shi da yawa. Na saya wa Inna turmin atamfa, na saya wa Yaya, na zuba adashi, na ware kuɗin acaɓa. Yaya ta ƙi karɓa da farko, sai da na ce mata rabin aikin nan ita take yi.

Yanzu ina kwana a asibiti wasu darare tare da ungozomarmu, ina koyon karɓar haihuwa a hannunta. Daren Alhamis aka kawo wata 'yar yarinya, haihuwar fari, ta kumbura, kanta na sarawa, awon jininta ya hau sosai. Ungozoma ta yi mata allurar hana jijjiga, muka nemi mota aka wuce da ita babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF take aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008. An ce ta sauka lafiya. Ba ta taɓa zuwa awo ba, ko sau ɗaya. Da ta zo da tuni an ga hawan jinin.

Abin da nake nanata wa masu jego yanzu: man cibiya na asibiti kaɗai za a shafa, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma. Nonon farko mai rawaya kada a matse shi a zubar. Wankan jego kuwa ban ce a daina ba, don na san ba za a daina ba, ni ma na yi shi. Ina cewa a sassauta zafin ruwan, a rage kanwa a kunu, musamman ga wadda ta kumbura ko numfashinta ke yin sama. Da kakanni nake wannan magana, su ne masu tafasa ruwan.

Kwanan asibiti yana da tsada a gida. Auta ta koma fitsarin kwance, in na dawo ba ta sauka daga jikina. Na roƙi incaj kada a haɗa mini dare biyu a jere, ya yarda.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Na sake bin rajista. Yawancin yaran da na fitar da sunayensu a Satumba sun kammala Penta ta uku. Waɗanda suka rage 'yan rugar da suka tashi da shanu ne bayan kaka, da gidaje biyu da har yanzu masu gidan ba su sauko ba. Na ba mai unguwa sunayen gidajen.

Inda muke da rauni yanzu ƙyanda ta biyu ce. Mata sun saba da cewa allurar wata tara ita ce ta sallama, daga ita sai a jefa kati a akwati, ga shi lokacin ƙyanda ya kama daga yanzu har bazara. Na fara fitar da sunayen duk yaron da ya kai wata 15, unguwa unguwa, kuma na roƙi a ba mu rana ɗaya a mako mu fita da akwatin sanyi zuwa ƙauyukan nesa maimakon jiran su zo. Maganar man babur ce ta tsayar da shi, kwamitin mazaɓa zai zauna a kai.

An sa sunana cikin waɗanda za a horar kan sa ashanar tazara, ba a faɗi rana ba. Na cike takardar neman aikin dindindin.

A gida akwai sabon lissafi. Yaya tana da ciki, za ta haihu wajen Babbar Sallah in Allah ya kai mu, ƙafafun Inna kuma sun fara ciwo da sanyin nan, bin auta ya fi ƙarfinta. Abincin rana zai dawo kaina na wasu watanni, ba kuma zan cire ta farina daga makaranta don ta riƙe ƙannenta ba. Na yi magana da wata maƙwabciya da ke koyar da yara allo a zaurenta da safe ko za ta riƙa karɓar auta, ta ce sai ta shawarci mijinta. Ranar Litinin zan tambayi incaj ko za a mayar da ni aikin yamma daga watan Yuni zuwa Yaya ta yi arba'in. Katin awon Yaya ni na buɗe mata, zuwanta na gaba ranar Laraba.